Kafin Ka Ce wa Wani "Ka Kalli Wannan Fim"



Tun da muka dawo hutu, hirar da ta fi yawa a gindin bishiya lokacin tara ita ce ta fim. Wannan ya ce ya ga kaza, wancan ya ce a tura masa. Ganin haka ne Ƙungiyar 'Yan Jarida ta ce a wannan fitowar mu yi bayani kan yadda ake ba wani shawarar fim. Zan fara da abin da ya faru da ni.

A hutun nan wani abokina ya tura mini fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa. Na kalli minti 20 na farko, na ga faɗa da tseren motoci, sai na tura wa ɗan kawuna da ke aji ɗaya na ce masa, "Wallahi shina da daɗi." Bayan isha'i ya kunna a wayar yayansa a tsakar gida, ga Inna ga ƙannensa. Can a tsakiyar fim sai ga abin da ba a kallo gaban iyaye. Kawu bai yi dogon faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi: "Wa ab ba ka wanga fim?" Sunana aka kira. Sai da na yi mako guda ina kauce wa ƙofar gidan.

Me ya sa maganarka take da nauyi?

A da, fim yana da marfi. Tun daga 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na farko na Hausa, har zuwa zamanin faifan CD, mai saye yana ganin hoto da sunayen 'yan wasa kafin ya biya kuɗi. Akwai kuma hukumomin da ke dubawa. Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana sa wa fim alamar shekaru: G na kowa da kowa, PG sai tare da iyaye, sannan 12, 15 da 18. Jihar Kano ma ta kafa tata hukumar a 2001.

Yau fim yakan iso Kalmalo ne a memori, ko daga shagon masu turawa a Illela, ko ta Xender daga wayar aboki, ko daga YouTube. Wani ma daga Konni ya tsallako. Sau da yawa babu marfi, babu alamar shekaru, wani lokaci ko sunan gaskiya babu. Abin da ya rage wa mai kallo shi ne bakin wanda ya ba shi. Ke nan aikin da marfi da hukuma suke yi, yanzu a wuyanka yake.

Akwai kuma abin da mutum ke kashewa saboda maganarka: kuɗin data ko na turawa, kuɗin caji, da lokaci. A ce zangon shiri mai dogon zango yana da kashi 13, kowane kashi awa ɗaya. Minti 780 ke nan. Idan darasi ɗaya minti 40 ne, zango ɗaya ya cinye kusan darasi 20. Wanda ya jawo ɗan aji shida cikin irin wannan shiri ana saura wata ɗaya a fara WAEC ko NECO, bai taimake shi ba, komai kyan shirin.

Abubuwa biyar da shawara mai kyau ke ƙunsa

1. Ka kalla har ƙarshe. Wannan shi ne kuskurena. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Idan shiri ne mai dogon zango kamar Labarina na Aminu Saira ko Kwana Casa'in na tashar Arewa24, ka faɗi iya inda ka kai.

2. Ka san wa kake faɗa wa. Abin da ya dace da ɗan babban aji ba lallai ya dace da ɗan ƙaramin aji ba. Ka tambayi kanka: zai iya kunna shi a tsakar gida?

3. Ka faɗi labarin a jimla biyu ko uku, ka ɓoye ƙarshensa. Wane ne jarumin, me yake nema, me ya tare masa hanya? Nan za ka tsaya. Wanda ya faɗi yadda fim ya ƙare ya sha romon ya bar wa ɗan'uwansa ƙashi.

4. Ka kawo dalili. "Ya yi kyau" ba dalili ba ne. Labarin ne ya kama ka, ko iya wasan wani, ko Hausar da aka yi, ko wani abu da ka koya? Ka nuna wuri ɗaya da ya tsaya maka a rai.

5. Ka faɗi aibinsa da tsawonsa. Idan akwai zubar da jini, ko rawa da waƙa, ko ashar, ko jan labari, ka faɗa tun farko. Ka faɗi harshen da aka yi shi da shi. Mai talla yana ɓoye aibi, mai ba da shawara kuwa bayyana shi yake yi.

Ga misali daga fina-finan da 'yan ƙungiyarmu suka kalla

The Boy Who Harnessed the Wind, wato yaron da ya sarrafa iska. Ya fito a 2019, Chiwetel Ejiofor ne ya ba da umarni kuma ya fito a matsayin uba. Labarin gaskiya ne na William Kamkwamba, wani yaro ɗan ƙasar Malawi da aka kora daga makaranta saboda iyayensa sun kasa biyan kuɗi, a lokacin da yunwa ta afka wa yankinsu. Ya ci gaba da shiga ɗakin karatu, ya sami littafin kimiyya, ya ƙudurta haɗa injin da iska ke juyawa da tarkacen ƙarfe da kayan keke domin jawo ruwa. Dalilinmu: duk wanda ya tashi a bakin tafkin Kalmalo ya san abin da janyewar ruwa ke yi wa mai noman rani, kuma iskar da yaron ya yi amfani da ita irinta ce ke kaɗa mu da hunturu. Gargaɗi: akwai wuraren yunwa da mutuwa masu sa kuka. Kusan awa 2 ne, da Turanci da harshen Chichewa. Ya dace da 'yan ajin kimiyya, kuma ana iya kallo da iyaye.

Taare Zameen Par, ma'ana taurari a doron ƙasa. Fim ɗin Indiya ne na 2007 wanda Aamir Khan ya ba da umarni. Yaro ne ɗan shekara 8 mai suna Ishaan, haruffa suna rikice masa idan ya zo karatu, gida da makaranta kowa ya ɗauke shi malalaci, har wani malamin zane ya lura da shi. Dalilinmu: kusan kowane aji akwai wanda ake kira daƙiƙi alhali ba a binciki matsalarsa ba. Da girmamawa muke miƙa wannan ga malamanmu. Gargaɗi: ya haura awa 2 da rabi, kuma akwai waƙoƙi.

Shehu Umar. Tsohon fim ne na 1976 wanda Adamu Halilu ya ba da umarni, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yaro ne aka sace aka sayar bawa, aka ƙetara Sahara da shi, mahaifiyarsa ta bi sawu tana nemansa. Dalilinmu: ga masu nazarin adabin Hausa, dama ce ta gwada littafi da fim, a ga me aka bari, me aka canza. Gargaɗi: tafiyarsa a hankali take, hotonsa kuma na da ne. Wanda ya saba da fim mai gudu sai ya yi haƙuri. A fara karanta littafin kafin kallo.

Ku lura, kowanne mun faɗi shekararsa, da wanda ya yi shi, da labarinsa a taƙaice, da dalili, da gargaɗi, kuma ba mu faɗi ƙarshen ko ɗaya ba.

Idan kai aka ba shawara

Kai ma kana da haƙƙin tambaya. Ka ce, "Ka gama shi? Me ya burge ka? Zan iya kunnawa gaban Inna?" Idan ya fara kame-kame, ka dakata. Idan kuma ka kalla bai yi maka ba, ka faɗa masa cikin ladabi tare da dalilinka. Da haka ake gane wanda shawararsa ke da amfani. Duk inda sabon fim yake a tashar masu shi ta YouTube, a kalle shi a can, domin ta nan waɗanda suka sha wahalar shirya shi suke samun abin da za su yi wani.

Daga mako mai zuwa za mu ware gefe ɗaya na wannan allo mai suna "Na Kalla". Duk ɗalibi ko malamin da yake da fim ɗin da yake so a gani, ya rubuta a takarda layi 8 zuwa 10 bisa abubuwa biyar ɗin nan, ya sa sunansa da ajinsa, ya miƙa wa kowane ɗan ƙungiya kafin ranar Alhamis. Malamin da ke kula da ƙungiya zai duba kafin a liƙa. Takardar da ba suna ba za mu liƙa ta ba, domin wanda ya ce a kalla shi ne zai amsa idan aka tambayi wanda ya bayar.

Allah Ya ba mu sa'ar karatu, amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta makaranta