Hoton da ya sayar mana da man gujiya

Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi a 1991, mun koyi zubi, mun koyi ramce da biya, mun koyi riƙon akwati. Amma da yawanmu har yanzu ba mu iya talla ba. Kaya masu kyau suna ɗaka, mai saye bai san da su ba.

Ƙungiyarmu man gujiya take matsewa. Bara muka ɗebi kuɗi cikin asusu muka kai ma mai zane, ya yi mana allon talla. Kowa ta kawo nata: a sa sunan ƙungiya, a sa buhun gujiya, a sa ƙuli-ƙuli, a sa jariri mai ƙiba don a san man yana gina jiki. Duk aka sa. Da muka kafa shi bakin hanya, mace ta farko da ta tsaya cewa ta yi: "Hala nan ake awon yara?" Wallahi ranar ban yi barci ba, don kuɗin zubin mata ne muka kashe, kuma ni na sa hannu.

A taro na gaba muka aje maganar zane, muka fara da tambaya biyu. Wa ke sayen manmu? Masu tuyar ƙosai da matan gida. Me suke tsoro? Man da aka gauraya, da wanda ya daɗe har ya yi wari. Nan wata dattijuwa da duk muke ce ma Inna ta ce: "Ku ƴaƴan nan, ba ku lura ba? Duk macen da za ta sayi mai, sai ta ɗaga kwalba ta duba ta a rana." Muka yi tsit. Ashe hoton da muke nema kullum yana gabanmu a kasuwa.

Shi muka ɗauka da salula: hannun mace da lalle, riƙe da kwalba, rana ta ratsa man yana walƙiya. Ba fuska, saboda haka ba wadda za ta je neman izinin maigida, ba kuma mai cewa don me aka sa wance ba a sa ni ba. Bayan hoton muka bar shi da duhu don a hango man daga nesa. Rubutu kalma uku kawai: "Duba da kanki." Ƙasa kuma lambar waya da manyan lambobi, tunda ko wadda ba ta shiga yaƙi da jahilci ba tana gane lamba, ko ta nuna ma ɗanta.

Wannan karon ba mu yi gaggawar biyan kowa ba. Mun zagaya da hoton wajen injin niƙa da bakin famfo. Ga abin da nake so ku riƙe: kar ki tambaya "ya yi kyau?" Don kunya kowa zai ce miki ya yi. Ki ce, "Yaya, me kika gani nan? Me ake sayarwa?" sannan ki yi shiru. In ta ce mai ne mai tsabta, kin dace. In ta tsaya tana juya salula, a koma a gyara. Mu ma sai da muka ƙara ƴan ƙwayoyin gujiya a gefe, don wata ta ɗauka zuma ce.

Yanzu hoton nan guda shi ne a allo, shi ne a takardar da muke mannawa jikin kwalba, shi muke turawa a WhatsApp. Ba mu canza shi, don ido ya saba. Har yaran da aka aiko cewa suke, "A ba mu mai hannun lalle."

Amma fa hoto alkawari ne. Tunda mun ce a duba, dole man ya fita tas kowane sati, a tace shi da kyau, a wanke kwalba ta bushe. Ke mai sabuni, ke mai garin zogale, ranar kasuwa mai zuwa ki zauna ki kalli hannun mai saye: me take yi da kayanki kafin ta kwance bakin zane? Allah ya sa albarka a cikin nemanmu.