BAYANI: Abin da masu wasan mota da direbobin karkarar Kano ya kamata su sani kafin su zaɓi bushin ɗin ƙafar baya

Wasan mota ba baƙon abu ba ne a bukukuwan aure na birnin Kano da garuruwan da ke kewaye da shi. Matashi zai taka totur, ya murɗa sitiyari, bayan mota ya zame gefe, taya na ihu, ƙura ko hayaƙi na tashi. Hotunan bidiyon wannan wasa, wanda matasa ke kira diriftin, sun cika Facebook da TikTok, kuma sun janyo sha'awar yi wa mota gyare-gyare irin na 'yan tsere. Daga cikin kayan da ake yawan ba da shawarar a sauya akwai bushin ɗin ƙafafun baya.

Ƙaramin abu ne da bai wuce cikin tafin hannu ba, amma yana da hannu a kan inda bayan mota zai nufa a kan kwana. Zaɓinsa ya dogara ne ga hanyar da motar ke bi da nauyin da take ɗauka, shi ya sa wanda ya dace da filin tsere a Japan zai iya zama asara, ko ma haɗari, a hanyar burji tsakanin Ɗambatta da Makoɗa.

Mene ne aikin bushin?

Kowace tayar baya tana haɗe da jikin mota ta hannuwan ƙarfe waɗanda ke hawa da sauka tare da sifirin da shokazoba. A inda hannu ya haɗu da jikin mota ake sa bushin: bututun ƙarfe a ciki, wani a waje, roba a tsakaninsu. Robar tana murɗuwa domin hannun ya motsa, tana shanye girgiza da ƙara, sannan tana riƙe taya a saitin da aka yi mata.

Waɗannan ayyuka suna karo da juna. Roba mai laushi tana ba da daɗin zama, amma idan mota ta shiga kwana da gudu sai ta lotsa, bakin taya ya ɗan karkata ciki ko waje. Karkatar da ido ba ya gani ta isa ta sa bayan mota ya yi nasa tuƙin, ba tare da direba ya taɓa sitiyari ba. Roba mai tauri kuwa tana riƙe saiti, amma duk dukan da hanya ta yi wa taya sai ya wuce kai tsaye zuwa ƙarfen mota da bayan fasinja.

Ana auna taurin ne da ma'aunin Shore A. Robar da kamfanoni ke sa wa motocin hawa takan kama daga 50 zuwa 70, kusan daidai da taurin fuskar taya. Na 'yan tsere yakan kai 80 zuwa 95.

Iri huɗu da ake zaɓa daga ciki

Na farko shi ne robar asali, wadda aka gasa ta manne da ƙarfe. Ba ta buƙatar giris, ba ta ƙara, kuma tana iya lanƙwasa ta kowace fuska. Maƙiyanta su ne zafi, tsufa da baƙin mai da ke ɗiga a kanta.

Na biyu shi ne foliyuretan, wani sinadarin roba da masanin kimiyya Otto Bayer da abokan aikinsa suka samar a Jamus a 1937. Ya fi roba tauri da jure mai, sai dai ba ya murɗuwa kamar ta. Juyawa yake yi a kan bututun ciki, don haka dole a riƙa sa masa giris. Da zarar ya bushe sai ya fara kuka, yana cin kansa.

Na uku shi ne daskararren bushin na alminiyam ko na Delrin, wanda kusan ba ya lotsawa ko kaɗan. Na huɗu kuma gaɓa ce mai ƙwallon ƙarfe a cikin zobe, wadda ke juyawa ta kowace fuska ba tare da sassauci ba. Ita ce zaɓin motocin gasa, amma ba ta shanye duka, kuma ƙura na saurin cinye ta.

Me ya sa 'yan tsere ke son tauri?

Wasan zamiya da mota ya samo asali ne a Japan. Ana danganta salon ga direban tsere Kunimitsu Takahashi a shekarun 1970, sannan Keiichi Tsuchiya ya fito da shi duniya da motarsa Toyota AE86. Daga baya ya zama gasa mai dokoki, irin su D1 Grand Prix a Japan da Formula Drift da aka fara a Amurka a 2004.

Motocin wannan gasa tayoyin baya ne ke tura su. Direba yana sa tayoyin baya su kuɓuce wa kwalta da gangan, sannan ya riƙe zamiyar da totur da sitiyari. Abin da yake buƙata shi ne motar ta amsa nan take, kuma ta amsa iri ɗaya kowane lokaci. Idan roba mai laushi ta lotsa sannan ta dawo da ƙarfi, bayan mota kan yi tsalle-tsalle ko ya fizge zuwa ɗaya gefen ba zato. Don haka suke fara taurara wurare biyu: inda gadon ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun baya ya haɗu da jikin mota, da inda aka ɗaure tukunyar aksil, wato akwatin giyar da ke raba ƙarfin inji ga tayoyin baya.

Mai tseren gudu a fili, wanda burinsa taya ta manne wa kwalta, shi ma yana son tauri, domin saitin taya ya tsaya cak a tsakiyar kwana. Bambancin shi ne shi yana tsoron tauri ya yi yawa, har taya ta riƙa tashi daga ƙasa a kan ƙananan tudu.

Ko a wajen ƙwararru, ba kowane gurbi ake cusa wa abu mai tauri ba. A motocin BMW samfurin E36 da E46, bushin ɗin babban hannun da ke jan tayar baya yana motsi ta fuska fiye da ɗaya. Idan aka sa masa foliyuretan mai tauri sai ya cije, ya hana ƙafar motsi yadda aka tsara ta. Shi ya sa masana ke barin roba a nan tare da zoben da ke rage lotsawarta, ko su koma ga gaɓa mai ƙwallo. An kuma san samfurin E46 da tsagewar ƙarfen ƙasan but a inda gadon ya ɗauru, kuma daskararren bushin yana ƙara wa wurin wahala idan ba a yi masa ƙarfafa da walda ba.

Hanyar karkara ba filin tsere ba ce

Yankin da ya kewaye Kano ta arewa, daga Ungogo da Minjibir zuwa Dawakin Tofa, Bichi da Ɗambatta, yana cikin yankunan karkara mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Gona na manne da gona, ƙauye na kallon ƙauye. Da an sauka daga manyan titunan Kano zuwa Katsina ko Kano zuwa Daura, sai burji da gargada da rairayi, da damina kuma zaizayar ruwa da taɓo.

A irin wannan hanya tauri ba ya ƙara riƙo, rage shi yake yi, domin tayar da ke tsalle a kan gargada ba ta kama ƙasa. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da giris ɗin foliyuretan ta zama kamar yashin goge ƙarfe. Dukan ramuka da roba za ta shanye yana komawa kan walda da kusoshi. Wanda ya sayi daskararren bushin da tsada zai iya ƙarewa wajen mai walda.

Motocin da ke wannan yanki ma sun bambanta. Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, da Mercedes 190 da 'yar'uwarta da ake kira V-boot, duk tayoyin baya ke tura su. Mercedes ɗin na da hannuwa biyar a kowane gefe, wato gaɓoɓi kusan 20 a baya kaɗai, don haka sauya ɗaya ko biyu a bar sauran da suka mutu ba ya gyara komai. Ita kuwa Golf 3, wadda ta yi suna a tashoshin haya, tayoyin gaba ne ke jan ta. Ƙafafunta na baya suna kan sandar ƙarfe guda mai rataye a kan manyan bushin biyu, waɗanda aka ƙera da siffa ta musamman domin su daidaita taya a kwana. Zamiyar da ake yi da ita ta birkin hannu ce kawai, kuma babu bushin ɗin da zai mayar da ita motar gasa.

A nan ne batun ya wuce wasa. Golf ɗin da aka yi wa lodin buhunan gero da wake zuwa kasuwar Dawanau, ga fasinjoji a matse, tana dogara ne ga waɗannan robobi biyu. Idan sun tsage, bayanta zai riƙa lilo a kan gudu, musamman idan aka taka birki a kwana ko aka kauce wa rami.

Alamomin mutuwar bushin da abin lura wajen sauyawa

Alamomin sun haɗa da ƙarar ƙwanƙwasa daga baya idan an faɗa rami ko an saki kuloci, cinyewar taya ta gefe guda, da jin kamar iska na kaɗa bayan mota. Bakanike yakan ɗaga motar, ya sa ƙarfe ya banƙara hannun, ya duba tsagewa ko rabuwar roba da bututunta.

A kasuwar Ƙofar Ruwa da sauran wuraren sayar da kayan gyara ana samun sabo, ana samun na Beljiyam. Na Beljiyam yana iya zama na asali, amma roba tana tsufa ko da ba ta aiki. Akwai kuma wanda ake yankowa daga tsohuwar tayar babbar mota. Yana iya kai mutum gida, amma ba shi da sanannen tauri kuma ba ya manne da ƙarfe, saboda haka ba abin dogaro ba ne ga mota mai gudu ko mai lodi.

Ana sauya na hagu da na dama tare. Bushin na roba ba a ƙarasa ɗaure kusarsa sai mota ta sauka a kan tayoyinta; idan aka ɗaure tana rataye a kan jak, robar za ta zauna a murɗe, ta tsage cikin ɗan lokaci. Bayan an gama, sai a kai motar a duba saitin tayoyi.

Ga motar haya da ta iyali a wannan yanki, robar asali mai kyau ita ce zaɓi. Foliyuretan mai matsakaicin tauri yana da amfani ga motar da ba ta barin kwalta kuma mai ita ba ya ƙyashin sa giris. Daskararre da mai ƙwallo na motar da ake ɗauka zuwa fili ne.

Filin kuwa shi ne babban abin da ya rage. Inda ake gasar zamiya akwai shinge tsakanin mota da 'yan kallo, direba na sanye da hular kwano, motar na da kejin ƙarfe a ciki, motar asibiti na jira a gefe. A ƙofar gidan biki a ƙauye, abin da ke bakin hanya yara ne da masu talla da dabbobi da katangar ƙasa. Tuƙin ganganci laifi ne a ƙarƙashin dokar 2007 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, kuma a Kano hukumar KAROTA ma tana sa ido a kan tituna. Bushin mai tauri yana sa mota ta kuɓuce da sauri kuma ba tare da gargaɗi mai yawa ba, abin da ƙwararre a fili ke iya sarrafawa, amma wanda ba ya barin sarari ga mai koyo a tsakiyar taron jama'a.