Wane Wata Ya Kamata Mu Shiga Jirgi a Yawuri?

Ni mutumin Mahuta ne, a ƙasar Zuru, kuma duk wanda ya san garinmu ya san ba mu da ruwan da za a ɗora jirgi a kai. Rafukanmu suna cika da damina, kafin tsakiyar rani kuwa sai yashi. Saboda haka wani zai ce, me ya kai ɗan tudu maganar kogi? Abin da ya kai ni shi ne, ƙungiyarmu ta labarin ƙasa ta shirya kai ziyara Yawuri, mu shiga jirgi mu ga tafkin Kainji da idonmu, kuma yawancin 'yan ƙungiya sun zaɓi hutun watan Afrilu. Ni ban yarda da wannan wata ba. A wurin taro an rinjaye ni da yawan hannu, shi ya sa na kawo maganar nan inda iyayenmu ma za su gani, tun da su ne za su sa hannu a takardar izini.

Sau ɗaya na taɓa shiga jirgin ruwa, shekara biyu ke nan, kuma a ƙarshen Afrilu ne. Na raka kawuna mai fataucin busasshen kifi. Muka bi ta Koko, muka miƙe kudu zuwa Yelwa, da safe muka shiga jirgi mai inji zuwa wani ƙauyen masunta. Da tafiya ruwa kwance yake kamar tabarma. Da dawowa, wajen la'asar, zafi ya yi tsanani, iska ta ɗauke ɗif, sai na ga matuƙi yana ta waiwayen gabas. Kafin mu ankara gari ya yi baƙi, iska ta taso da ƙura, igiyar ruwa ta fara dukan cikin jirgi har tana watso mana ruwa. Matuƙi ya daka tsawa kowa ya zauna a ƙasa, kada wanda ya miƙe, yaronsa kuwa ya shiga kwarfe ruwa da ƙwarya. Mata suna salati, ni kuma na ƙanƙame rigar Kawu. Allah Ya sa akwai wani tudun yashi kusa, ya kai mu can, muka kwana a jiƙe. Da safe dattijon ya ce wa Kawu, in don yawon buɗe ido zai kawo yaro, ya bari sai an gama girbi. Tun daga ranar nake neman dalilin wannan magana, wajen malaminmu da cikin littattafai, ga kuma abin da na samu.

Kogin Kwara, wanda ake kira Neja, yana cika sau biyu a shekara a wajenmu. Cikar farko ita ce ta farin ruwa. Wannan ruwan daminarmu ne, na ƙasashen Sakkwato da Zamfara da Kabi da maƙwabta, wanda rafuka da gulabe ke kwasowa da laka da ciyawa da itatuwa su zuba a kogi. Yana ƙarfi daga Agusta zuwa Oktoba, kuma lakar da ke cikinsa ita ke sa ya yi fari-fari kamar kunu.

Cika ta biyu ita ce ta fi ba ni mamaki, watau baƙin ruwa, mai zuwa tsakiyar rani alhali an yi wata da watanni ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Asalinsa daga duwatsun ƙasar Gini ne, inda kogin ya faro. Tsawon kogin ya kai kimanin kilomita 4,180, kuma maimakon ya gangara teku da ke kusa da mafarinsa, sai ya nufi arewa maso gabas ya shiga Mali. Bayan ya wuce Bamako da Segu sai ya tarar da wata shimfiɗaɗɗiyar fadama mai faɗin gaske, ruwan ya bazu cikin tafkuna da ciyayi, ya yi ta tafiyar hawainiya. A nan laka take kwanciya, rana kuma ta shanye kaso mai yawa. Abin da ya rage ya fito garau, ya bi ta kusa da Tumbutu, ya wuce Gawo da Yamai da Gaya, ba ya isowa gare mu sai wajen Disamba, ya ci gaba har Fabrairu. Ashe ruwan da ke wucewa gaban Yelwa da sanyin hunturu, ruwan saman da aka yi ne a Gini tun muna noman gero.

Sa'an nan ga madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka fara ginawa a 1964 aka gama a 1968. Ita ta tare kogin ya zama tafki mai tsawon kilomita 130 da ɗoriya, faɗinsa kuma ya haura kilomita 20 a inda ya fi buɗewa, Yelwa tana can wajen kansa na arewa. An ta da mutane fiye da dubu arba'in daga garuruwansu da tsibiransu, cikinsu har da Gungawa masu yawa, tsohon garin Busa ma ya nutse tare da duwatsun da Bature Mungo Park ya halaka a wajensu a 1806. Amma ba duwatsu da gidaje kaɗai ruwan ya rufe ba, ya rufe daji da itatuwansa, kuma kututturansu suna nan a ƙarƙashi. Tafkin yana cika da farin ruwa, baƙin ruwa ya riƙe shi a cike cikin hunturu, daga nan kuma ya dinga ja da baya saboda ana sakin ruwa don samar da lantarki, har sai damina ta yi nisa. Tsakanin cikarsa da janyewarsa akan sami bambancin mita goma ko kusa da haka. In ruwa ya cika, jirgi yana wucewa ta saman kututture lafiya. In ya ja, kututturen yana nan dab da fuskar ruwa, ba a ganinsa sai an ji shi a cikin jirgi.

To, yanzu a dubi Afrilu da Mayu da wannan ido. Ruwa yana raguwa, tudun yashi da kututture suna fitowa, zafi ya kai matuƙa, babu inuwa a tsakiyar tafki. Mafi muni, lokacin ne hadarin farkon damina ke tasowa daga gabas da iska mai tuge rufin ɗaki, kuma ba ya ba da dogon gargaɗi. A kan tudu in iska ta taso sai ka shiga ɗaki. A kan ruwa mai faɗin kilomita da yawa ina za ka shiga? Abokaina sun ce a Afrilu sararin sama a buɗe yake, hoto zai yi kyau. Gaskiya ne da safe. Ni na ga la'asar ɗinsa.

Tsakiyar damina ba sai na daɗe a kanta ba: ruwa yana gudu, ya yi laka, yana ɗauke da gungumen ice da kainuwa masu naɗe farfelar inji, ga sauro, ga hanyoyin mota sun lalace. Masu fatauci suna shiga don dole, amma ba wanda zai kai 'yan makaranta.

Abin da ya rage shi ne daga tsakiyar Nuwamba zuwa Janairu. Ruwan sama ya ɗauke, babu tsawa babu hadari, tafki a cike, laka ta fara kwanciya, rana kuma ba ta cizo. Lokacin ne ma tsuntsaye masu gudun sanyin Turai ke sauka a fadamun ƙasarmu, ga shi an gama girbi, abinci ya wadata a kasuwa. Amma hunturu ma da nasa aibin, kada in ɓoye. Hazo yakan yi kauri, musamman daga ƙarshen Disamba, har matuƙi ya kasa hango gaɓa, kuma in iskar arewa ta yi ƙarfi tana ta da igiyar ruwa a inda tafkin ya buɗe. Shi ya sa a cikin waɗannan watanni ma na fi son farkonsu, watau daga ƙarshen Nuwamba zuwa makon farko na hutun Disamba, kafin hazo ya zauna.

Ba mu kaɗai ke wannan lissafi ba. Malaminmu ya nuna mana taswirar ƙasar Nowe, a arewacin Turai, inda tun 1893 jiragen ruwa ke bin gaɓar teku suna kai mutane da kaya, yanzu daga garin Bergen har Kirkenes, masu yawon buɗe ido kuma suna biyan kuɗi su bi su. Tekun nan ba ya daskarewa ko da sanyi, saboda wani ruwa mai ɗumi da ke tahowa ta tekun Atilantika, don haka abin da matafiyi ke dubawa shi ne haske da iska. A can arewa, daga ƙarshen Mayu zuwa Yuli rana ba ta faɗuwa ko da tsakar dare, a Disamba kuwa ba ta fitowa sam. Mai son ganin duwatsu da tsibirai sai ya je da bazararsu, mai son ganin wani haske mai launi da ke wasa a sararin sama da dare sai ya jure duhu da sanyi da haukan teku. Watan da ya fi mana kyau shi ne mafi duhu a wurinsu. Ni dai da ina can, ban san yadda zan ƙidaya lokutan salla ba.

Mu koma Yawuri. Zaɓen wata ba shi ne duka ba, sai an haɗa da zaɓen sa'a da rana. Da hunturu kada a fita da asuba, hazo da tururin ruwa ba su ɗaga ba, a bari sai hantsi, a kuma dawo kafin la'asar ta yi sanyi. Tafiyar dare kuwa hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta hana ta ma. A guji jirgin ranar kasuwa, domin ranar ce ake cusa mutane da buhuna da babura har bakin jirgi ya kusa shan ruwa. Ba mu manta da abin da ya faru kusa da Wara, a ƙasar Ngaski, ran 26 ga Mayu 2021 ba, lokacin da jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse, rayuka masu yawa suka salwanta, Allah Ya jiƙansu. Hukuma ta ce lodi ne ya fi ƙarfin jirgin. Irin wannan lodi ko a Disamba ba zai bar jirgi lafiya ba.

Maganar lafiyar hanya daga nan zuwa Yelwa dabam take, na bar wa iyaye da hukumar makaranta. Abin da nake roƙo shi ne a ɗaga ziyarar nan daga Afrilu zuwa makon farko na hutun Disamba, a yi shatar jirgi biyu maimakon a tara mu talatin da biyu a ɗaya, a sama wa kowa rigar da ke hana nutsewa, kuma kowa ya zo da rigar sanyi, domin iskar kan ruwa ta fi ta filin makaranta shiga jiki. Kuɗin da muka tara suna hannun ma'ajin ƙungiya, wata takwas ba zai cinye su ba. Kawu ya ce in an tsai da rana a gaya masa tun da wuri, zai nemo mana dattijon nan da ya kai mu tudun yashi.