Idan Kwamfuta Ta Ƙi Tashi Bayan Ƙarin Faifan Ajiya

Ɗaliban ilimin harshe sukan cika faifan ajiyar kwamfuta da muryoyin da suka ɗauko a ƙauyuka, har su ƙara na biyu. Daga nan wani lokaci na'urar takan ƙi tashi.

Galibi ba abin da ya lalace. Kafin Windows ta buɗe, wata ƙaramar manhaja mai suna BIOS ce ke bin faya-fayan bi da bi, tana neman wanda za a tashi da shi. Idan sabon ya shiga gaban tsohon, a nan takan maƙale.

Sai a kashe na'urar, a zare wayar wuta, a cire sabon faifan, a kunna. In ta tashi, matsalar ta jeri ce: a mayar da shi, a danna F2 ko Del yayin kunnawa, a sa tsohon a farko. In ba ta tashi ba, a duba wayoyin tsohon, domin sukan kwance lokacin aikin.

Kada a yi gaggawar sake zuba Windows. Kuskuren zaɓen faifai yana iya shafe aikin shekara guda, tsohuwar da ta ba da tatsuniyar kuwa ba lallai a sake samun ta ba.