Dalilin Da Ya Sa Kamfanoni Ke Shata Wa Dillalansu Iyakar Kasuwa Da Talla

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta ko Bichi gab da faɗuwar damina zai ga shagunan takin zamani, iri da maganin feshi ɗauke da allunan kamfanoni. Wasu daga cikin masu shagunan nan da jarinsu suka buɗe, sai dai da sunan kamfani suke ciniki, bisa yarjejeniyar da ta ƙayyade inda za su sayar da kuma yadda za su yi talla.

Wakilci irin wannan ya daɗe a ƙasar Kano. Bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, kamfanonin Turawa sun dogara da wakilai 'yan ƙasa, irin su Alhassan Ɗantata, wajen sayo gyaɗa daga ƙauyuka.

A yau, sharaɗi na farko shi ne na yanki. Kamfani yakan ware wa dillali ƙaramar hukuma ko wasu garuruwa, ya hana shi farautar masu saye a yankin takwaransa. Hikimar ita ce, wanda ya kashe kuɗi wajen kama rumbun ajiya, ya ba manoma bashi, ya koya musu amfani da kaya, kada wani ya zo ya karya farashi ya kwashe ribar wahalarsa.

Sai dai a arewacin Kano ƙauyuka a manne suke da juna, gona na bin gona. Manomin Makoɗa yana cin kasuwar Ɗambatta, na Tsanyawa yana zuwa Bichi, kowa kuma yana iya gangarowa Dawanau. Shi ya sa ya kamata yarjejeniya ta bambance tsakanin dillalin da ya loda kaya ya shiga yankin wani, da wanda mai saye ya tako da ƙafarsa ya same shi. Dokar Tarayyar Turai ta yarda a hana na farko, amma galibi ba ta yarda a hana na biyu ba.

Sharaɗi na biyu shi ne na talla. Suna da tambari mallakar kamfani ne, don haka yakan buƙaci a nemi izininsa kafin a sa sanarwa a rediyo ko a Facebook. Idan dillali ya yi alƙawarin amfanin gonar da irin ba zai bayar ba, sunan kamfanin ne zai zube. Sanarwar rediyo kuma ba ta tsayawa a iyakar ƙaramar hukuma. Ban da haka, hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa, ita ke tantance tallace-tallace a Najeriya.

Ikon kamfani ma yana da iyaka. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta haramta yarjejeniyar da ke danne gasa, ta kuma hana kamfani tilasta wa dillali mafi ƙarancin farashin da zai sayar.

Saboda haka, kafin ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke shirin zuba kuɗin sallamarsa ya sa hannu, ya tabbatar an rubuta sunayen garuruwan yankinsa, da ko kamfani zai iya naɗa wani dillali a ciki, da wanda zai biya kuɗin talla, da makomar kayan da suka rage idan aka raba gari. Ya kuma kai wa lauya takardar ya duba, domin a kotu abin da aka rubuta ake bi.