Zanen Barkwanci da Katun a Amurka: Wa Ake Yi wa Dariya, Wa Ke Biyan Mai Zane

Abin da Hausawa ke kira katun, wato fim ɗin da ake zana hotunansa da hannu ko da kwamfuta sannan a jera su da sauri har ido ya ga suna motsi, reshe ɗaya ne daga rassa uku na wata sana'a da ta girmi ƙasar Amurka kanta. Reshe na farko shi ne zanen barkwanci na siyasa, wanda hoto guda ne da ake bugawa a shafin ra'ayi na jarida, a zuzuta kamannin wani shugaba ko attajiri domin a fito da wani hali nasa fili. Na biyu shi ne labari cikin zane, inda ake jera hotuna a ƙananan gidaje, a rubuta maganar kowane ɗan wasa kusa da bakinsa. Na uku kuwa shi ne katun ɗin sinima da talabijin. Ko da yake mutane da yawa na ɗaukar waɗannan zane-zane abin rage lokaci ko na rarrashin yara, tarihinsu yana bayyana abubuwa biyu game da al'ummar Amurka a kowane zamani, wato wanda ta yarda a mai da shi abin dariya, da kuma wanda ke biyan mai zanen ladan aikinsa.

Ana yawan fara lissafi daga shekarar 1754, lokacin da Benjamin Franklin ya buga hoton maciji da aka daddatsa gida takwas a jaridarsa ta Pennsylvania Gazette, domin ya gargaɗi yankunan da Turawan Ingila ke mulka cewa in ba su haɗa kai ba Faransawa za su cinye su ɗaya bayan ɗaya. Amma wanda ya nuna cewa alƙalamin zane na iya tumɓuke mai mulki shi ne Thomas Nast, haifaffen Jamus da aka kawo New York yana yaro, wanda ya yi aiki da mujallar Harper's Weekly. A shekarar 1871 Nast ya sa William Tweed a gaba, jagoran ƙungiyar siyasa ta Tammany Hall da ta yi wa baitulmalin birnin New York satar miliyoyin daloli, yana zana shi mako bayan mako da ƙaton tumbi, wani lokaci ma da jakar kuɗi a maimakon kai. An ruwaito cewa Tweed bai damu da rubuce-rubucen jaridu kamar yadda ya damu da hotunan ba, saboda yawancin masu jefa masa ƙuri'a ba su iya karatu ba amma suna da idon ganin hoto, kuma bayan da ya tsere daga kurkuku a 1875 ya isa Sifaniya, an ce da wani zanen Nast ne jami'an can suka shaida shi suka kama shi a 1876.

Nast ɗin nan ne ya laƙa wa jam'iyyar Republican alamar giwa a 1874, ya kuma yayata jaki a matsayin alamar jam'iyyar Democrat, alamun da har yau ake amfani da su. Sai dai alƙalamin da ya tona asirin Tweed shi ne kuma ya riƙa zana baƙi 'yan ƙasar Ireland da fuskar biri da kwalbar giya a hannu, ya zana limaman Katolika a siffar kadoji masu fitowa daga ruwa za su cinye 'yan makaranta, domin haka masu karanta mujallarsa, waɗanda galibinsu Furotestan ne masu hali, suke kallon waɗannan mutane. A nan mai zanen barkwanci ya yi kama da mawaƙin fada, wanda kaifin zambonsa ke sauka a kan abokan hamayyar ubangidansa, ba kuwa lalle ne duk wanda zambon ya sauka a kansa ya zama mai laifi ba.

Daga ƙarshen ƙarni na sha tara kasuwa ta zama babban ubangidan masu zane. A 1895 jaridar New York World ta Joseph Pulitzer ta fara buga labarin wani yaro mai aski ƙwal da doguwar riga ruwan ɗorawa, mazaunin unguwar talakawa baƙi 'yan ci-rani, wanda Richard Outcault ke zanawa, kuma da aka ga yadda yaron ke sayar da jarida sai William Randolph Hearst ya janye Outcault zuwa tasa jaridar a 1896, har jaridun biyu suka riƙa buga yaron a lokaci guda da hannun masu zane daban-daban. Daga wannan gasa ce aka samo laƙabin da ake yi wa aikin jarida mai ƙarin gishiri da neman tada hankali, wanda Amurkawa ke dangantawa da launin rigar yaron. Darasin da masu jaridu suka ɗauka shi ne cewa ɗan wasan zane dukiya ne da ake mallaka, ana kuma iya buga shi a jikin kayan sayarwa, darasin da Walt Disney ya kai ƙarshensa bayan fitowar ɓeran nan Mickey Mouse a fim ɗin Steamboat Willie a watan Nuwamban 1928.

Katun ɗin sinima ya gaji abubuwa da yawa daga wani tsohon wasan dandamali na ƙarni na sha tara, wanda a cikinsa fararen fata ke shafa baƙi a fuska, su zagaye leɓɓansu da fari, su kwaikwayi baƙaƙen fata a matsayin wawaye malalata masu son rawa. Masana irin su Nicholas Sammond sun nuna cewa farar safar hannu da manyan idanu da faɗin baki na 'yan wasan katun na farko daga can suka samo asali, kuma a wani fim na 1933 an nuna Mickey kansa yana baƙanta fuskarsa domin ya fito a wasa. Ko shirin Tom and Jerry, wanda William Hanna da Joseph Barbera suka fara a 1940, wanda kuma yara a ƙasar Hausa suka sani sarai, yana da wata ƙatuwar mace baƙar fata mai tsawa da gurɓataccen Turanci, wadda kusan kullum ƙafafunta da jikinta kawai ake nunawa ba fuskarta ba, kuma sai da ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP ta yi ta ƙorafi kafin a daina fito da ita bayan 1952.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ce ta zama mai biya. Tun kafin Amurka ta shiga yaƙin, Joe Simon da Jack Kirby, waɗanda duka 'ya'yan Yahudawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka ne, sun zana jarumin nan Captain America yana naushin Hitler a bangon littafinsa na farko mai ɗauke da kwanan watan Maris na 1941, alhali Amurkawa da yawa na ganin yaƙin Turai ba nasu ba ne. Da aka shiga yaƙin, ma'aikatar kuɗi ta sa kamfanin Disney ya shirya fim a 1942 inda agwagwar nan Donald Duck ke koyon cika takardar haraji, saboda sababbin dokoki sun jawo miliyoyin ma'aikata cikin biyan harajin albashi a karon farko, rundunar soja kuma ta sa kamfanin Warner Bros. ya shirya jerin katun na wani sakaran soja da kurakuransa ke koya wa kurata abin da bai kamata su yi ba. Wannan ƙarfi na jan hankalin jama'a ya yi ɓarna ta wata fuskar, domin a watan Fabrairun 1942 Theodor Geisel, wanda daga baya ya shahara da sunan Dr. Seuss a matsayin marubucin littattafan yara, ya zana Amurkawa 'yan asalin Japan a dogon layi suna karɓar nakiya, kwanaki kaɗan kafin Shugaba Roosevelt ya sa hannu a umarnin da ya kai ga tsare kimanin mutum 120,000 daga cikinsu a sansanoni ba tare da shari'a ba.

Shekarun 1950 sun nuna yadda sana'a ɗaya ke iya zama makami a wani hannun, ta zama abin farauta a wani. A watan Maris na 1950 Herbert Block na jaridar Washington Post ya zana giwar Republican ana tura ta ta hau kan tarin bokitan kwalta, ya rubuta sunan Sanata Joseph McCarthy a jikin na sama, daga nan ne kuma sunan sanatan ya zama kalmar da ake kiran ɗabi'ar shafa wa mutane kashin kaji da zargin gurguzu ba tare da hujja ba. Shekara huɗu bayan haka wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Fredric Wertham ya wallafa littafi yana ɗora laifin lalacewar matasa a kan littattafan zane, wani kwamitin Majalisar Dattawa ya zauna a kan batun, su kuma kamfanonin, don gudun kada gwamnati ta sa musu doka, suka kafa wa kansu hukumar tacewa a 1954. Ƙa'idojin wannan hukuma sun hana nuna 'yan sanda da alƙalai da jami'an gwamnati ta hanyar da za ta zubar musu da mutunci, sun kuma wajabta cewa kowane labari ya ƙare da nasarar nagari, abin da ya sa littattafan zane suka daɗe suna nuna Amurka mai tsabta fiye da wadda masu karatunsu ke rayuwa a cikinta.

Da talabijin ta shiga gidaje sai 'yan talla suka karɓi ragama. Shirin The Flintstones, wanda ya fara a 1960, ya ɗauki rayuwar magidancin Amurka mai mota da gida a bayan gari ya mai da ita zamanin dutse, kuma a farkonsa kamfanin sigarin Winston ne ke ɗaukar nauyinsa, har ana nuna 'yan wasan suna zuƙa. A zamanin Shugaba Reagan hukumar kula da kafofin sadarwa ta sassauta ƙa'idojin shirye-shiryen yara, sai aka sami katun irin su He-Man a 1983 da Transformers a 1984, waɗanda kamfanonin kayan wasa na Mattel da Hasbro ne suka fara ƙera 'yan tsanan sannan aka ƙirƙiro musu labari, ta yadda shirin gaba ɗayansa ya zama talla mai tsawon rabin sa'a. Gwagwarmayar iyaye, wadda Peggy Charren ta jagoranta tun 1968, ita ce ta haifar da dokar 1990 da ta taƙaita tallace-tallace a shirin yara zuwa minti 12 cikin sa'a a ranakun aiki, minti 10 da rabi a ƙarshen mako.

Iyakar wanda ake yi wa dariya ba ta taɓa matsawa da kanta ba, sai da matsin waɗanda abin ke yi wa ciwo. A 1968, shekarar da aka kashe Martin Luther King, wata malamar makaranta mai suna Harriet Glickman ta rubuta wa Charles Schulz, mai zanen Peanuts, tana roƙonsa ya sa yaro baƙar fata cikin yaran labarinsa, kuma a ƙarshen watan Yuli aka ga Franklin, yaron da ba a yi masa wata siffa ta izgili ba, wanda daga baya zamansa a aji ɗaya da fararen yara ya sa wasu editocin kudancin ƙasar ƙorafi. A wannan shekarar ce kamfanin United Artists ya janye tsofaffin katun goma sha ɗaya na Warner daga talabijin saboda yadda suka wulaƙanta baƙaƙen fata. Larabawan Amurka sun bi sahu bayan fitowar Aladdin a 1992, suka tilasta wa Disney canza wasu baitocin waƙar buɗe fim ɗin da suka siffanta ƙasashen Larabawa da rashin imani, haka kuma 'yan asalin Indiya suka ƙalubalanci Apu, mai kanti a shirin The Simpsons, har farar fatar da ke yi masa murya, Hank Azaria, ya ajiye aikin a 2020.

Shi kansa The Simpsons, wanda Matt Groening ya ƙirƙira ya fara fita a matsayin cikakken shiri a Disamban 1989, ya juya akalar dariyar zuwa ga tsakiyar al'umma, wato uba malalaci da makaranta mara kayan aiki da ɗan sanda mai cin hanci da attajiri mara tausayi, har Shugaba George H. W. Bush ya ambace shi a wani jawabi na 1992 a matsayin misalin irin iyalin da bai kamata Amurkawa su zama ba. Doka kuwa ta riga ta ba irin wannan izgili kariya, domin a 1988 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da mai wa'azin Kirista Jerry Falwell ya kai mujallar Hustler cewa sanannen mutum ba zai karɓi diyya don kawai izgili ya ɓata masa rai ba, kuma alƙalin alƙalai William Rehnquist ya kafa hujja da zane-zanen da Nast ya yi wa Tweed.

Sai dai kariyar da kundin tsarin mulki ya bayar daga hannun gwamnati ce, ba ta hana mai jarida ko mai kamfani ya ce a'a. Jaridun da a da kowacce ke da mai zanenta na dindindin sun rage su ƙwarai yayin da kuɗin talla ya koma intanet. Jaridar New York Times ta daina buga zanen siyasa a fitowarta ta ƙasashen waje a 2019 bayan wani zane da aka zarga da ƙyamar Yahudawa. A watan Janairun 2025 kuma Ann Telnaes ta ajiye aiki a Washington Post bayan an ƙi buga zanenta da ya nuna wasu attajirai, ciki har da mai jaridar Jeff Bezos, suna durƙuso a gaban mutum-mutumin Donald Trump. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a yanzu sun koma wallafa aikinsu a intanet, inda masu karatu ke biyan su kai tsaye, abin da ya 'yanta su daga edita amma ya ɗaure su ga jama'ar da tun farko ra'ayinsu ya zo ɗaya da nasu. Zanen da magoya baya kaɗai ke gani yana iya ƙara musu ƙarfin gwiwa, amma da wuya ya yi aikin da zanen tsohuwar jarida ke yi, wato ya faɗa hannun wanda ya jefa wa ɓarawo ƙuri'a ya sa shi sake tunani.