Sabon Gini a Kan Kufai: Yadda Maguzanci Ya Sake Tsirowa a Turai

Ƙidayar jama'a da aka yi a Ingila da Wels a shekarar 2021 ta nuna abin da ba a taɓa gani ba a tarihin ƙidayar: waɗanda suka ce su Kiristoci ne ba su kai rabin mutanen ƙasar ba, kashi 46 cikin ɗari ne, yayin da kashi 37 suka ce ba ruwansu da kowane addini. A can ƙasan jadawalin kuma akwai wasu ƙananan alƙaluma da suka ja hankali. Mutum kusan 74,000 sun rubuta cewa maguzanci suke bi, alhali a 2011 ba su wuce 57,000 ba, wasu 13,000 kuma suka ce addininsu Wika, wato addinin da mabiyansa ke kiran kansu mayu da bakinsu. Da masu murna da wannan labari da masu firgita da shi, kusan magana ɗaya suke yi: tsohon addinin Turai da coci ya danne ne yake dawowa. Ni ban yarda da haka ba. Abin da ake gani sabon addini ne, ɗan wannan zamani, wanda aka harhaɗa daga littattafai domin biyan buƙatun Baturen yau. Gida ne da aka gina a kan kufai: an tsinci tubali kaɗan daga tsohon gini, amma zanen da magina duk sababbi ne.

Wika tana da ranar haihuwa, kuma an san ubanta. Gerald Gardner Bature ne da aka haifa a 1884, ya yi aikin gonakin shayi da na roba a Asiya, ya zama jami'in kwastan a Malaya, ya yi ritaya a 1936. Ya yi iƙirarin cewa a 1939 wata ƙungiyar asiri a dajin New Forest da ke kudancin Ingila ta shigar da shi cikinta, kuma wai ragowar wani addini ne da ya girmi Kiristanci. Bai iya fitowa fili ba sai bayan 1951, lokacin da majalisa ta soke dokar maita ta 1735, sannan a 1954 ya wallafa littafin da ya sanar da duniya addinin. Tsarinsa shi ne ƙaramin taro, bisa al'ada mutum goma sha uku, ƙarƙashin shugabancin mace. Suna zana da'ira su tsaya a ciki, suna kiran wata allahiya da wani allah mai ƙaho, suna haɗuwa idan wata ya cika, suna da bukukuwa takwas a shekara masu bin sauyin yanayi. Da masana suka bi sawun kalmomin ibadar ɗaya bayan ɗaya, musamman Farfesa Ronald Hutton na Jami'ar Biristol a bincikensa na 1999, sai suka tarar matakai uku na shiga ƙungiyar sun yi kama da na ƙungiyar asiri ta Firimesin, an kwaso jimloli daga rubuce-rubucen matsafin nan Aleister Crowley, sauran kuma Doreen Valiente, wadda ta shiga a 1953, ita ce ta sake rubuta su da alƙalaminta. Hatta bukukuwan takwas ɗin, ba a san wata al'umma ta dā da ta haɗa su duka ba. A shekarun 1950 aka jera su.

Ginshiƙin da Gardner ya jingina da shi ra'ayin wata masaniyar tarihin Masar ne, Margaret Murray, wadda a 1921 ta ce mutanen da aka ƙone ko aka rataye a Turai bisa zargin maita mabiya wani ɓoyayyen addini ne na gargajiya. Ra'ayin ya samu karɓuwa har ya shiga kundin sani na Britannica, ya daɗe a ciki shekaru da dama. Amma da masana irin su Norman Cohn suka koma ga takardun kotunan a shekarun 1970, sai ya rushe, domin an ga ta riƙa yanke abin da bai dace da ra'ayinta ba. Waɗanda aka kashe tsakanin ƙarni na 15 da na 18, mutum tsakanin 40,000 zuwa 60,000 a ƙiyasin masana, Kiristoci ne irin maƙwabtan da suka kai ƙararsu. Yawancinsu mata ne, da dama talakawa ko tsofaffi, kuma labarin tarukan dare da suka bayar azaba ce ta tatso shi daga bakinsu. Adadin miliyan tara da aka daɗe ana yayatawa ba shi da tushe ko kaɗan.

To, idan asalin da aka faɗa ba gaskiya ba ne, me ya sa abin ya kama? Amsar tana Amurka, inda Raymond Buckland ya kai Wika a farkon shekarun 1960. Can ta tarar da gwagwarmayar 'yancin mata da ta kare muhalli suna tashe. Matan da suka gaji da cocin da maza kaɗai ke jagoranta sun samu addinin da mace ce limamiya kuma abin bautar ma mace ce. Matasan da ke takaicin yadda masana'antu ke gurɓata ruwa da iska sun samu aƙidar da ke cewa ƙasa kanta abar tsarkakewa ce. Littafin da wata marubuciya mai laƙabin Starhawk ta fitar a 1979 ya ɗaure waɗannan biyu wuri ɗaya. Wani babban bincike kan addinai a Amurka ya ƙiyasta 'yan Wika 8,000 a 1990, sai 134,000 a 2001, sai 342,000 a 2008. Hukuma ma ta bi: wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta amince a 1986 cewa Wika addini ce a idon doka, a 2007 kuma aka yarda a sassaƙa tambarinta, tauraro mai tsini biyar cikin da'ira, a kan kaburburan sojoji. A yau da yawa ba su da ƙungiya ma. Mutum shi kaɗai a ɗakinsa yake koyo daga littafi ko TikTok, ya sayi kyandir da duwatsu masu ƙyalli da katin duba ta intanet. Babu littafi saukakke, babu malamin da zai ce masa ya yi kuskure. Wannan 'yancin zaɓi shi ne zuciyar al'amarin, kuma manomin Turai na shekara dubu biyu da suka wuce, wanda ke yanka wa allolin garinsu don tilas ne ba don ra'ayi ba, ba zai gane shi ba.

Mai ja da wannan magana zai ce Wika daban, amma ai akwai ƙasashen da abin ke da saiwa ta gaske. Hujja ce mai nauyi. Aislan ta karɓi Kiristanci wajen shekara ta 1000, kuma a 1972 wani makiyayin tumaki mawaƙi, Sveinbjörn Beinteinsson, ya jagoranci kafa ƙungiyar Asatru mai bautar alloli Odin da Tor, gwamnati ta amince da ita a 1973. Lituweniya kuwa sai 1387 ta shiga Kiristanci, ita ce kusan ta ƙarshe a Turai, kuma ƙungiyar Romuva ta gina ibadarta a kan waƙoƙin gargajiya da tsofaffin ƙauye ba su daina rerawa ba. Duk da haka, tsakanin mai bautar ƙarshe da mai farfaɗowa na farko akwai ɗaruruwan shekaru da babu kowa. Mafi yawan abin da aka sani game da Odin ya zo ne ta rubutun ƙarni na 13, kuma Snorri Sturluson, babban marubucin labaran, Kirista ne. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda magada littattafai iri ɗaya suka rabu. 'Yan Asatru na Aislan ba sa yanka dabba a ibada, kuma suna tir da wariyar launin fata, amma a Amurka da wasu sassan Turai akwai ƙungiyoyin da suka ɗauki Odin ɗin nan suka mai da shi tutar fifita farar fata. Kowa ya je ga tsohon labari da abin da ke ransa tun daga gida, shi kuma ya tarar. Wanda ya san bori a ƙasar Hausa zai fi saurin ganin bambancin: ko me mutum zai ce a kansa, daga hannu zuwa hannu aka gaje shi, ba daga laburare aka tono shi ba.

Wani kuma zai ce, to sai me? Kowane addini ya taɓa zama sabo, ƙuruciya ba ta ƙaryata shi. Na yarda, kuma adalci ne a faɗi cewa da yawa daga cikin 'yan Wika sun karɓi binciken Hutton hannu biyu, sun daina da'awar tsohon asali. Amma wannan amincewa tana tabbatar da maganata ce: addinin da ya saki tarihi, ba shi da wahayi, abin da ya rage masa shi ne abin da mai yinsa ya ji a ransa. Musulmi ko Kirista ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya san hukuncin kiran wani abin bauta ban da Allah. Sai dai ƙin abu bai ba mutum damar yi masa ƙage ba. Waɗannan mutane ba su yarda da samuwar Shaiɗan ba balle su bauta masa, ba sa da'awar kama kurwa, kuma ƙa'idar da 'yan Wika suka fi maimaitawa ita ce kada a cutar da kowa. Lokacin da Amurka ta ruɗe da jita-jitar matsafa masu azabtar da yara a shekarun 1980, shari'ar makarantar McMartin ta ci shekaru da miliyoyin daloli, ta ƙare a 1990 ba a samu kowa da laifi ba, bayan an gama ɓata rayuwar mutane.

Inda nake ganin aron tarihin nan ya yi ɓarna shi ne kan matattun da aka ara. Duk wanda ya ce matan da aka ƙone mayu ne na gaske, ko da yabo yake nufi, ya gaskata alƙalan da suka kashe su. Shi ya sa gafarar da shugabar gwamnatin Sikotilan ta lokacin, Nicola Sturgeon, ta nema a watan Maris na 2022 a madadin hukuma, saboda mutum kusan 4,000 da aka tuhuma a ƙasar, ta fi kusa da gaskiya: ta kira abin zalunci. Kuma zaluncin bai zama tarihi a ko'ina ba. Matashiyar Landan ita ta zaɓi sunan mayya, tana iya ajiye shi gobe. Tsohuwar da ke sansanin Gambaga a arewacin Gana jefa mata shi aka yi, aka kore ta daga gidanta. A watan Yulin 2020 aka yi wa Akua Denteh, mai shekara 90, dukan da ya kashe ta a garin Kafaba na Gana, mutane na kallo. Majalisar Gana ta zartar da ƙudurin haramta zargin maita a 2023, amma shugaban ƙasar na lokacin bai sa masa hannu ba.